Tambaya da Amsa: Hutu a Satun, lardin Tailan da ba ya hayaniya

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan ƙasar Tailan suke, kuma yawancinsu daga masu son su bar cunkoson Bankok su shiga karkara. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya, daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Kano: Nakan je Bankok saro kaya a Pratunam. Ina so wannan karon in ƙara mako guda in huta a wurin da babu mashaya da kiɗe-kiɗe, kuma salla da abinci ba za su ba ni wahala ba. Ina zan nufa?

Amsa: Alhaji, ka nufi Satun. Lardi ne a can ƙarshen kudu maso yammacin ƙasar, a bakin tekun Andaman, ya yi iyaka da Malesiya. Mutanensa sun ɗan haura dubu 300, kuma sama da kashi biyu cikin uku Musulmi ne. Gonakin roba da na kwakwar manja da kamun kifi su ne rayuwar wurin. Babban garin ƙarami ne, ana gama Isha'i yawancin shaguna sun ja ƙofa.

Akwai larduna masu shiru a arewa, kamar Nan da ke kan iyakar Laos, masu tsaunuka da sanyi. Amma Musulmi kaɗan ne a can, naman alade kuma yana cikin kusan kowace tukunya, don haka hutun naka zai koma neman abin da za ka ci.

Mun san abin da zai zo maka a rai: an ce kudancin Tailan ana rikici. Gaskiya ne, tun 2004 ake fama da tayar da ƙayar baya a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat, da gundumomi huɗu na lardin Songkhla, wato Chana da Thepha da Na Thawi da Saba Yoi. Satun ba ya ciki. Tarihinsa ma daban ne. Da can yanki ne na masarautar Kedah, wadda yanzu jiha ce a Malesiya, sai yarjejeniyar 1909 tsakanin Ingila da Siyam, tsohon sunan Tailan, ta ba Turawa Kedah ta bar Satun a hannun Siyam. Yawancin Musulmin wurin yaren Tai na kudu suke yi a gida, wasu kuma Malayanci irin na Kedah, kuma suna zaune lafiya da maƙwabtansu mabiya addinin Buda. Hanyar da za ka bi daga Hat Yai ta Rattaphum take wucewa, ba ta ratsa ko ɗaya daga cikin gundumomin nan huɗu.

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Kaduna: Ban taɓa zuwa ba. Waɗanne takardu zan tanada, kuma a ina mutane suka fi yin tuntuɓe?

Amsa: Malam, mai fasfon Najeriya dole ya sami biza kafin ya tashi, ba a ba shi a filin jirgi. Ofishin jakadancin Tailan yana Abuja, kuma daga farkon 2025 ta intanet ake neman bizar, a shafin gwamnatinsu. Bizar yawon buɗe ido ta kwana 60 ce. Za a nemi fasfo mai sauran aƙalla wata shida, tikitin zuwa da dawowa, shaidar masauki, da bayanan asusun banki. An kuma daɗe ana neman takardar wankewa ta hukumar NDLEA daga 'yan Najeriya, ita ce ke cin lokaci, don haka da ita za ka fara. Ka duba jerin da ofishin jakadancin ya fitar a lokacin da za ka nema, domin sukan ƙara ko su rage.

Tuntuɓen farko shi ne katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Duk wanda ya fito daga Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan sai ya nuna shi. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, saboda haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya bai yi komai ba. Idan ka sauka Suvarnabhumi, babban filin jirgin saman Bankok, kada ka bi ayarin fasinjoji kai tsaye zuwa layin jami'an shige da fice. Ka fara neman teburin jami'an lafiya, su duba katin su ba ka shaida. Wanda ya tsallake su zai yi awa guda a layi, ya isa gaba a ce ya koma baya.

Na biyu, katin isowa na intanet da ake kira TDAC, wanda aka wajabta tun 1 ga Mayu, 2025. Ana cike shi cikin kwana uku kafin sauka, kuma kyauta ne. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa na 'yan damfara ne. Jami'i yana da ikon ya ce ka nuna kuɗin guzuri da suka kai baht 20,000 (baht shi ne kuɗin Tailan), gara su kasance tsaba a jikinka.

Ka karanta ranar da aka buga maka a fasfo tun kana gaban jami'in. Wuce wa'adi tarar baht 500 ce a kowace rana, har ta kai 20,000, kuma idan 'yan sanda ne suka kama ka kafin ka kai kanka, tsarewa ce da kora. Mai son ƙarin kwana 30 zai biya baht 1,900 a ofishin shige da fice, akwai shi a Satun. Za su tambayi shaidar cewa masaukinka ya kai rahoton zamanka. Otal yakan yi wannan da kansa, amma idan a gidan wani aboki ka sauka, shi doka ta ɗora wa yin rahoton cikin awa 24, kuma mutanen ƙauye da yawa ba su san da haka ba.

Abu na ƙarshe, mu Hausawa muna da kara, ba mu iya cewa a'a idan aka ce “don Allah ga saƙo ka miƙa wa wane”. A wannan tafiya ka ajiye karar a gida. Hukuncin safarar ƙwaya a Tailan yana kaiwa ga kisa, kuma “ban san abin da ke ciki ba” ba ta fitar da kowa. Sigarin lantarki haramtacce ne. Magani mai kodin a ciki sai da izini na musamman. Kilishi da dambun nama ma ka bar su, shigar da nama ba takarda laifi ne.

Tambaya, daga wani matashi a Damagaram: Daga Bankok yaya ake zuwa Satun?

Amsa: Satun ba shi da filin jirgin fasinja, ba shi da layin dogo. Ƙofarsa ita ce Hat Yai, babban birnin kasuwanci na kudu, kimanin kilomita 100 daga garin Satun.

Jirgin sama daga Bankok zuwa Hat Yai awa ɗaya da rabi ne. Amma Bankok filayen jirgi biyu gare ta. Ethiopian da Qatar a Suvarnabhumi za su sauke ka, yayin da yawancin jiragen AirAsia da Nok Air da Thai Lion Air daga Don Mueang suke tashi, a ɗaya gefen birnin. Akwai motar kyauta tsakanin filayen biyu ga wanda ya nuna tikitinsa na gaba, sai dai tafiyar takan ci awa guda ko fiye in an yi cunkoso. Ka bar tazarar awa biyar, ko ka sayi tikitin Thai Airways ko Vietjet da ke tashi daga Suvarnabhumi ɗin. Tikiti mai araha kilo 7 na jakar hannu kawai ya ƙunsa. Ka sayi nauyin kaya tun a intanet, domin a teburin awo farashin ninkawa yake yi.

Mai son ya ga ƙasa zai iya hawa jirgin ƙasa na dare daga tashar Krung Thep Aphiwat, awa 14 zuwa 16. Ka nemi gadon ƙasa a aji na biyu, ya fi faɗi, yana da taga, kuma ya fi daɗin salla a zaune. Ka riƙe rigar sanyi, na'urar sanyaya ɗaki ba ta wasa.

Daga Hat Yai ƙananan motocin haya masu kama da Hiace ne ke zuwa Satun, awa biyu ko ƙasa da haka, kuɗin bai wuce baht 100 da 'yan kai ba. A nan ne baƙo ke fara karo da ɗabi'ar karkara: motoci suna yin ƙaranci da La'asar, kafin Magariba an tashi. Ka shirya ka sauka Hat Yai kafin ƙarfe biyu na rana. In dare ya yi maka, ka kwana a can, akwai masaukai da gidajen abincin Musulmi birjik saboda 'yan Malesiya da ke shigowa. Wanda tsibirai yake so ya nemi motar Pak Bara kai tsaye. Pak Bara tashar jiragen ruwa ce a gundumar La-ngu, kusan kilomita 60 daga garin Satun, kuma masu shiga motar Satun suna zaton a bakin teku za ta sauke su sukan yi asarar yini guda.

Tambaya, daga wata Hajiya a Zariya: Ni da maigidana za mu tafi. Damuwata abinci da salla, kuma ina sa hijabi. Za a dame ni?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, a Satun mai hijabi ba baƙuwa ba ce. Ma'aikaciyar banki, 'yar makaranta, mai tuƙa babur, duk za ki gan su da shi. In kina sa niƙabi, za a nemi ki buɗe fuska a wurin duba fasfo kawai.

Abu na farko da za ki gyara a kanki shi ne alƙibla. Mun saba da gabas har muna cewa “fuskantar gabas” idan muna nufin salla. A can Makka tana yamma, a ɗan karkace zuwa arewa. Yawancin masaukai suna manna kibiya a rufin ɗaki ko cikin aljihun tebur, ki neme ta. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa shida, ki tabbatar manhajar lokutan salla ta wayarki ta koma kan Satun.

Musulmin wurin 'yan mazhabar Shafi'i ne. Maigida zai ji liman yana bayyana Bisimilla kafin Fatiha, kuma a Asuba ana yin alƙunutu bayan ɗagowa daga ruku'u, a bayyane, hannaye a ɗage, mamu suna amsawa da amin. Ya bi liman kawai. Babban masallacin garin shi ne Mambang, a tsakiyar gari, huɗuba kuma da yarensu ake yi. Masallatai suna da sashen mata, galibi da fararen rigunan salla a rataye don baƙi. Manyan gidajen mai na kan hanya suna da ɗakin salla, a yarensu “hong lamat”. Buta ba dole ba ce, kusan kowane banɗaki yana da ɗan tiyon wanka a gefen masai.

Abinci kuma, ki dubi mai dafawa kafin ki dubi tukunya. Mace mai hijabi a bayan murhu, ko alamar jinjirin wata da tauraro a allon shago, ko rubutun halal da Larabci, sun ishe ki shaida. Kayan gwangwani da na leda a kantunan 7-Eleven ki nemi koriyar alama mai kusurwa huɗu ta Majalisar Musulunci ta ƙasar. Inda ake zamewa shi ne shagunan 'yan asalin Sin da na mabiya Buda a cikin gari. Mutum yakan ce ai kaza zan ci, alhali romon na ƙashin alade ne, man suyar ma wani lokaci kitsensa ne, kazar ba yankan Musulmi ba ce, kuma a wasu miyar taliya akwai daskararren jini da aka yanka kamar awara. Kalmar alade ita ce “mu”. “Mai kin mu” na nufin ba na cin alade, amma mai shago zai iya tsame naman ya bar miki romon, yana ganin ya kyauta. Gara ki wuce shago na gaba, a Satun ba za ki yi taku hamsin ba ki sami na Musulmi.

Ki fita da sassafe bayan Asuba ki ga mai roti. Yana ɗauko curin ƙulli daga cikin mai, ya buga shi a kan faranti, ya wulwula shi a iska sau uku ko huɗu har ya yi siriri ana ganin hannunsa ta ciki, ya naɗe ya jefa a kasko. Ana ci da miyar kori ko da madarar gwangwani da sukari. A gefensa mai shayi yana zuba shayin daga kofi zuwa kofi, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, har ya yi kumfa, shi ne “cha chak”. Dattawa da zannuwansu da farar hula suna zaune a benci suna hira, kamar dai teburin mai shayi na gida. Da rana ki nemi “khao mok kai”, shinkafa ce mai kurkum da kaza, 'yar uwar dafa-duka. “Massaman” miyar nama ce da madarar kwakwa da gyaɗa da dankali, ba ta da yaji sosai. Wanda ya yi kewar tuwo ya sayi “khao niao”, shinkafa mai danƙo da ake murzawa da hannu, da gasasshiyar kaza. Shinkafar 'yar Tailan da muka sani a buhu, wadda aka turara, ba ita suke ci ba, tasu fara ce mai laushi da ƙamshi.

Yajin kudu ya fi na ko'ina a ƙasar, ko wanda ya saba da attaruhu zai ji a jikinsa, musamman a miyar kifi mai tsami da suke kira “kaeng som”. “Mai phet” shi ne kada a sa yaji. Masu ciwon sukari su haddace “mai wan”, wato ban da zaƙi, domin sukari har cikin miya suke zubawa. Ruwan famfo ba na sha ba ne.

In tafiyar ta faɗa cikin azumi, shagunan ƙauyukan Musulmi a rufe suke da rana, sai La'asar kasuwannin buɗa-baki su cika. Ofishin Shaihul Islam na ƙasar, Chularatchamontri, shi ke sanar da ganin wata, da su za ku ɗauka ku ajiye.

Tambaya, daga wani ma'aikaci a Abuja: Hutuna a watan Agusta yake. Ya dace?

Amsa: Ga mai son teku, bai dace ba. Damina a gaɓar Andaman daga Mayu take zuwa Oktoba. Teku yana hauka, jiragen ruwa suna raguwa, kuma hukuma tana rufe masaukan gandun Tarutao daga tsakiyar Mayu zuwa wajen Oktoba. Lokacin da ya fi kyau shi ne Disamba zuwa Maris. Afrilu zafi ne mai gumi, wanda ba irin busasshen zafinmu ba, kuma a ranakun 13 zuwa 15 ake bikin Songkran, sabuwar shekararsu ta gargajiya, motoci da jirage duk a cike. Nuwamba kuma a yi hattara da Hat Yai, ta sha mummunar ambaliya a wannan watan a 2000 da 2010 da 2025.

In Agusta ne kaɗai ka samu, ka zauna a tudu. Ruwan yakan zuba ya ɗauke, masauki yana araha, kuma kakar 'ya'yan itatuwa ce. Sai dai kada ka shiga ɗakin otal da ɗan itacen da ake kira duriyan, warinsa ya sa yawancinsu sun hana, wasu har da tara.

Tambaya, daga wata ɗaliba a Maraɗi: To in wurin shiru ne haka, me mutum zai gani? Ba zai gaji ba?

Amsa: Wanda kantuna da fitilu yake nema zai gaji a kwana biyu, ba za mu ɓoye miki ba. Garin kansa yini ɗaya ya isa: masallacin Mambang, gidan tarihi na Kuden wanda tsohon gidan gwamna ne, da kasuwar safe. Abin gani yana wajen gari.

A 2018 UNESCO ta sanya wani yanki na lardin cikin jerin wuraren tarihin duwatsu na duniya, shi ne na farko a Tailan, saboda burbushin halittun teku da ke cikin duwatsunsa, wasu sun kai shekara miliyan 500. A gundumar Thung Wa akwai kogon Le Stegodon, wanda ake ratsawa a ƙaramin kwalekwale, kusan kilomita huɗu cikin duhu da fitilar goshi, a ɓulla a dajin bakin teku. Ba a zuwa kai tsaye. Ruwan kogon yana bin cikar teku da janyewarsa, don haka sai an yi magana da masu kula da shi tun kafin ranar, su faɗi lokaci. Ki sa masaukinki ya buga musu waya, Turancinsu kaɗan ne. A Manang akwai katafaren kogon Phu Pha Phet, sai an hau matakala ɗaruruwa kafin a kai bakinsa, bai dace da mai ciwon gwiwa ba. Gandun Thale Ban yana kusa da iyakar Malesiya, tafki ne a tsakiyar kurmi, wurin zama a yi shiru.

Tsibirin Tarutao shi ya fi cancantar kwana biyu. Daga Pak Bara kimanin rabin awa ne a jirgin ruwa mai gudu. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta mai da shi kurkuku, har da fursunonin siyasa. Da yaƙin duniya na biyu ya yanke musu abinci, fursunoni da gandirobobi suka haɗa kai suka koma fashin teku, sai a 1946 sojojin Ingila suka murƙushe su. Kufan kurkukun yana Talo Wao. An mai da tsibirin gandun ƙasa a 1974, shi ya sa babu manyan otal-otal, sai ɗakunan hukuma da tantuna. Baƙo yana biyan kuɗin shiga wajen baht 200. Babu na'urar cire kuɗi, wuta ba kullum ba, kuma birai sun iya zuge jaka. Kada ki bar abinci a tanti, kada ki riƙe leda a hannu a gabansu. Ki kama wuri a jirgin dawowa tun ranar da kika sauka.

Masu sayar da tikiti a Pak Bara za su yi ta tura ki tsibirin Lipe, domin can ne kasuwarsu. Ruwansa garau ne, amma mashaya da kiɗa da masu yawo da kamfai duk suna can. Tsibirin Bulon Le ya fi natsuwa.

Tambaya, daga wani ɗan acaɓa a Gusau: Na ji ana ba da hayar babur. Ni da na shekara goma a kan mashin, akwai abin tsoro?

Amsa: Akwai, kuma ƙwarewar taka ce za ta iya jawo shi. A Tailan ta hagu ake tuƙi. A miƙaƙƙiyar hanya ba matsala, amma a mahaɗa, ko idan ka fito daga gidan mai babu mota a gabanka da za ka bi, hannunka zai kai ka dama da kansa. Juyawa dama ita ce mai tsallake hanya a can. Kafin ka shiga titi ka fara duban dama.

Baburan haya masu sarrafa kansu ne, ba giya, ba kulochi, ba birkin ƙafa. Abin da ke hannun hagu birkin baya ne. Wanda ya saba da Bajaj yakan damƙe shi yana zaton kulochi ne, taya ta kulle. Ka yi zagaye goma a fili kafin ka hau titi. Haya tana kaiwa baht 200 zuwa 300 a yini. Kada ka bar fasfonka jingina, ka ba da kuɗi da kwafinsa, kuma ka ɗauki bidiyon duk wani ƙarce da ke jikin babur ɗin a gaban mai shi. Doka tana son lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa mai ɗauke da ajin babur, da hular kwano. In babu lasisin, kamfanin inshora ba zai biya ko sisi ba idan aka yi haɗari.

Ka guji tuƙin dare. Karnuka suna kwanciya a kan kwalta, yashi yana taruwa a kwana bayan ruwa, kuma daga ƙarfe biyu na dare masu tatsar roba suke fitowa daga lunguna, domin ruwan itacen ya fi zuba da sanyi. Za ka hango fitilun goshinsu suna yawo a tsakanin itatuwa, baburansu kuma ba duka ke da fitilar baya ba. Wanda bai yarda da kansa ba ya hau “songthaew”, a-kori-kura ce mai benci biyu a baya, ana danna ƙararrawa idan za a sauka, a biya direba ta taga.

Tambaya, daga wani ɗan canji a Wapa: Wane kuɗi zan riƙe?

Amsa: Dala, 'yan ɗari-ɗari sababbi, sun fi ƙananan takardu farashi. Kai ka fi kowa sanin ɗabi'ar buga hatimi a jikin takarda, to can ba sa karɓar mai hatimi ko rubutu ko yagewa. Naira da sefa ba mai canza maka su. Ka yi canjin a Bankok ko Hat Yai, za su nemi fasfo. A Suvarnabhumi rumfunan hawa na ƙasa, kusa da tashar jirgin ƙasa, sun fi na wurin ɗaukar kaya farashi. Na'urar cire kuɗi tana cirar baht 220 ko sama da haka a duk cirewa da katin waje, kuma kada ka jingina tafiyarka da katin naira. 'Yan ƙasa da waya suke biya, amma wannan sai mai asusun bankin can, kai tsaba za ka riƙe, da ƙananan takardu na 20 da 100, don mai roti ba shi da canjin 1,000. Kwanon abinci baht 40 zuwa 70 ne, ɗaki mai tsabta 400 zuwa 800. Soket ɗinsu ba ya karɓar fulogi mai ƙafa uku irin namu, ka sayi mahaɗi. Kuma idan ka ga 2569 a jikin gwangwani ko tikiti, shekarar Buda ce, ka cire 543.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Kumasi: Yaya suke ɗaukar baƙar fata a ƙauye? Kuma in rashin lafiya ta zo fa?

Amsa: Za a kalle ka, yara za su biyo ka, wani zai nemi hoto. Yawanci mamaki ne. Sallama ɗaya takan sauya fuskoki, sai ka ga an miƙo hannu an mai da shi ƙirji. In aka ce maka “pai nai”, wato ina za ka, gaisuwa ce kamar “ina zuwa haka”, ba bincike ba. A shingen 'yan sanda kuwa ana iya tsayar da kai fiye da wasu, don haka fasfo ya kasance a jikinka. Lambar 'yan sandan baƙi 1155 ce, suna jin Turanci.

Ka sassauta murya. Yadda muke ciniki da ƙarfi muna dariya, su faɗa suke ɗaukarsa, kuma wanda ka ɗaga wa murya a gaban mutane ya daina taimakonka ke nan, ko da yana murmushi. Ba a cinikin abinci. Cire takalmi a ƙofar gida, har da wasu shaguna. Kada ka dafa kan kowa, kada ka nuna abu da ƙafa. Maganar sarki da iyalinsa ka kama bakinka gaba ɗaya, ko a Facebook, domin sashe na 112 na dokarsu ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne.

Lafiya kuma, ka yi inshorar tafiya. Lambar motar asibiti 1669. Akwai asibitin gwamnati a garin Satun da La-ngu, manyan kuma suna Hat Yai. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, ka shafa maganin sauro safe da yamma. In zazzaɓi ya kama ka, farasitamol kawai za ka sha, ban da asfirin da ibufurofen, suna ƙara haɗarin zubar jini. Ka gaya wa likita daga Afirka ta Yamma ka zo, a gwada maleriya, domin mai yiwuwa daga gida ka taho da ita kuma hankalinsa ba zai fara zuwa can ba. Cizon kare ko yaƙushin biri, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a je asibiti a ranar don allurar haukan kare.

Tambaya, daga wani Alhaji a Sakkwato: Tunda Malesiya na kusa, zan iya leƙawa tsibirinsu na Langkawi in dawo?

Amsa: Jirgin ruwa yana tashi daga Tammalang, kimanin kilomita 10 kudu da gari, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Amma Alhaji, mai fasfon Najeriya sai da bizar Malesiya, kuma ba a tashar ake samunta ba. Ko kana da ita, bizarka ta Tailan in ta shiga sau ɗaya ce, tana mutuwa da zarar an buga maka hatimin fita, ko da kwana biyar kawai ka ci daga cikin 60. Mafita ita ce takardar izinin sake shiga, baht 1,000, wadda ake karɓa a ofishin shige da fice kafin a fita. Ka karɓe ta a garin Satun a ranar aiki, Litinin zuwa Juma'a, domin Asabar da Lahadi ofishin a rufe yake.